Katin fuskoki: yadda za ku buga takardun koya wa ƙananan yara faɗin abin da ke ransu

Yaro ɗan shekara huɗu yana iya jero sunan abinci goma a zaune ɗaya, ya bambance pragya, wato babur mai ƙafa uku, da tasi tun daga ƙarar inji, amma in ya zube a tsakar gida yana birgima aka ce masa "me aka yi maka?", amsar ba ta wuce ƙarin kuka. Sau da yawa ba taurin kai ba ne. Abin yana nan a ƙirjinsa, sunan abin ne ba ya bakinsa. A unguwanninmu na Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba, yaro yana tashi da Hausa a ɗaki, Twi a bakin titi, Turanci a aji, kuma a duka ukun an fi koya masa sunan kujera da akuya fiye da sunan abin da yake ji in an ƙwace masa abin wasa.

Takardun da za a yi bayani a nan ba su da tsada. Sai dai takarda ita kaɗai ba ta koyar da kowa komai. Amfaninta shi ne ta ba babba da yaro abin da za su kalla tare, su nuna da yatsa, har maganar ta fito. Wanda ya bugo shafi talatin ya miƙa wa yaro da kireyon ya koma kan waya, ya samu mai fenti ne kawai.

Ku fara da huɗu, kada ku wuce

Farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro. Nan za ku tsaya a watan farko.

Takardun da ake samu a intanet yawanci suna zuwa da fuskoki shida, wasu har ashirin. Shidan nan sun samo asali ne daga aikin Paul Ekman, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, wanda a ƙarshen shekarun 1960 ya je Papuwa Niyu Gini yana nuna wa mutane hotunan fuskoki, ya kuma tsaya a kan farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, mamaki da ƙyama. Amma yara ba sa kama shidan a lokaci guda. Binciken Sherri Widen da James Russell na 2003 ya nuna cewa farin ciki suke fara ambata daidai, sai fushi da baƙin ciki, sannan tsoro da mamaki su biyo baya, ƙyama kuwa ita ce ta ƙarshe. Ku nuna wa ɗan shekara huɗu fuskar wanda ya yamutse hanci, zai ce muku fushi yake yi. Babu laifi a cikin wannan, lokacinsa ne bai yi ba.

In huɗun sun zauna, sai ku ƙara da waɗanda suka fi yawa a gidajenmu. Ni dai kunya, kishi da kewa nake sa wa gaba da mamaki. Yaron da aka yi wa ƙani, ko wanda babansa yake tafiye-tafiye da babbar mota zuwa Tamale ko Bolga, ya fi buƙatar katin kishi da na kewa fiye da na wanda ya buɗe baki yana mamaki.

Fuskar wa za a sa?

Hanya uku ce. Ta farko, ku zana da kanku: da'ira, ido biyu, gira, baki. Murfin gwangwanin madara ya isa zana da'irar. Girar ce ke ɗauke da rabin aikin, don haka ku yi ta da kauri: ta fushi ta gangaro ta haɗe a tsakiya, ta baƙin ciki ta ɗaga daga ciki ta sauka gefe, ta tsoro ta tashi sama da ido a buɗe. Ku zana da baƙar maka a farar takarda, shi ne zai fita tas a fotokwafi.

Ta biyu, ku sauko da na intanet. In za ku yi haka, ku zaɓi zanen layi marar launi, kuma ku nemi fuskar da ta yi kama da ta yaranmu, mai kitso ko ɗan kwali ko hula. Ku lura da wani abu kuma: a yawancin takardun waje, yaron da ya sunkuyar da kai ana rubuta masa baƙin ciki ko jin laifi. A wurinmu yaron da ya sunkuyar da kai a gaban babba ladabi yake yi. Irin wannan katin ku cire shi, zai rikita yaro ne kawai.

Ta uku ita ce ta fi armashi: hoton 'yan gida. Ku ɗauki Yaya ya haɗe rai, Mma tana dariya, Kaka ta yi kamar ta ga ɓera. Ku tsayar da su a jikin farin bango da hantsi, fuska ta cika hoton. Yara ba sa gajiya da irin wannan kati, ko don su ga Kaka ta zaro ido. Amma in na aji ne, kada a ɗauki hoton ɗan wani sai da yardar iyayensa, kuma kada hoton ya bi WhatsApp yana yawo. A shago ma ku tsaya a goge shi daga kwamfuta kafin ku fita.

Akwai gidaje da makarantun da ba sa son zanen abu mai rai. Ba sai an yi jayayya ba. Ana iya yin duk abin da ke cikin wannan jagora da yanayin sama: rana a buɗe, hadari, ruwa yana zuba, walƙiya. Sai madubi ya tsaya a madadin fuskar.

A shagon bugawa

In shafi biyar ko goma ne, kowane ƙaramin shagon fotokwafi na unguwa zai yi. In na makaranta guda ne, ku nufi Asafo, inda masu injin ɗab'i suka taru, ku tambayi farashi a wuri biyu ko uku, don kuɗin shafi yana sauka in adadin ya yi yawa. Kwali, gam, almakashin yara da salatif mai faɗi kuwa kasuwar Kejetia ko Adum.

Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. In aka raba ta huɗu, kowane kati zai zama kusan 10.5 da 15, daidai hannun yaro. Ku ce a sa fuska huɗu a shafi guda. Na bango a aji kuwa, fuska ɗaya a shafi guda. Takardar fotokwafi ta yau da kullum mai nauyin giram 80 ce, ba ta kwana biyu a hannun ɗan shekara uku. Ku tambaya ko suna da kati mai kauri, giram 160 ko fiye, ko kuma ku buga a ta yau da kullum ku manna a kwali in kun koma gida.

Abu biyu ne ke ɓata aiki a shago, kuma duka ana iya kauce musu. Na ɗaya tawada. Firinta mai tawadar ruwa, in yaro ya taɓa da jiƙaƙƙen hannu ko damina ta shigo da laima, fuskar sai ta narke. Ku ce da injin garin tawada za a buga, wato irin na fotokwafi. Na biyu haruffanmu masu lanƙwasa. Baƙin ciki yana da ƙ, haka ƙyama, kuma kwamfutar shago ba lallai ne tana da irin rubutun da kuka yi amfani da shi ba. Sai ka ga an bugo ɗan akwati a wurin harafin. Ku mayar da aikin PDF tun a wayarku kafin ku tura, sannan ku ce, "Masta, buga ɗaya tukuna mu gani." In abin ya gagara, ku bar wurin sunan fili ku rubuta da hannu. A ƙarƙashin kowace fuska sunan Hausa ya zama babba, na Turanci ƙarami a ƙasansa, tun da shi za a tambaye shi a aji.

Laminatin yana da kyau in da hali, amma ku yanke kusurwoyin su zama a zagaye, don roba mai tsini tana yanka. In babu hali, kwalin taliya ko na sabulu da salatif mai faɗi gaba da baya sun wadatar, har ana iya rubutu da maka a kai a goge. Kowace fuska ku buga ta sau biyu, za ku ga dalili a gaba.

Zaman farko

Kada ku fito da kati lokacin da yaro yake tsakiyar kuka. A lokacin kunnensa a toshe yake. Ku nemi sa'ar da ya ci ya ƙoshi, misali bayan la'asar ko bayan an yi wanka, ku shimfiɗa tabarma, ku ajiye kati biyu kacal da ƙaramin madubi. Minti biyar zuwa goma ya isa.

Tambayar ita ce gaba da bayani. Ga yadda irin wannan zaman yake tafiya:

"Ramatu, zo ki ga wannan yarinyar. Me kika gani a fuskarta?"

"Bakinta ya karkace."

"Ya yi sama ko ƙasa?"

"Ƙasa. Mma, an doke ta ne?"

"Wataƙila. Ko kuma ƙosanta ne ya faɗi a ƙasa. Baƙin ciki take yi. Yi mini irin fuskarta a madubi mu gani."

Ramatu ta tura baki, ta ga kanta, ta fashe da dariya. Wannan dariyar ba ɓata darasi ba ce, ita ce za ta sa gobe ta ɗauko katin da kanta. Sai uwa ta ce, "Ni ma jiya na yi baƙin ciki da miyata ta ƙone." A nan ne yawancin manya suke nauyin baki, alhali nan ne yaro yake gane cewa ashe babba ma yana ji, yana kuma faɗa ba tare da ya fasa tukunya ba. Ku zaɓi ƙaramin misali dai. Ba a ɗora wa yaro damuwar kuɗin haya ko ta aure.

Bayan kwana biyu ko uku ku ƙara kati na uku, sannan na huɗu. Ku riƙa haɗawa da jiki: in ka ji tsoro, ina kake jinsa? Akwai takarda mai sauƙi domin wannan, zanen jikin mutum fili ba komai a ciki, yaro ya shafa launi a inda yake jin abin. Wani zai shafa ja a hannu don fushi, wata ta shafa a ciki don tsoro. Kada ku gyara musu.

Katin labari

Wannan ne ya fi cancantar a ɓata masa lokaci, kuma shi ne ba za ku samu a intanet yadda ya dace da mu ba. Na can suna cike da ƙanƙara, kare a kan gado da kek ɗin ranar haihuwa. Ku rubuta naku, jimla ɗaya a kowane kati, takwas a shafi guda, da ɗan zane in kuna iyawa. Kamar haka: wuta ta ɗauke da dare kana ɗaki kai kaɗai. Tela bai gama kayan Sallarki ba, ga shi gobe Idi. An kai ka asibiti, nas ta fito da allura. Baba ya dawo daga tafiya da tsaraba. An ba ƙaninka nama ya fi naka girma. Malam ya ce ka tashi ka biya karatu a gaban kowa. Ana yi miki kitso, mai kitson tana ja. Ƙawarki ta ce yau ba ta wasa da ke.

Babba ya karanta, yaro ya ɗora katin labarin a kan fuskar da ta dace a ganinsa. Abin lura shi ne babu amsa ɗaya. In yara uku ne a tabarma, katin ɗaukewar wuta zai raba su: Fusaini ya ce tsoro, Ayisha ta ce fushi don ana cikin kallo ne, ƙaramin ya ce farin ciki don za a fita waje a yi tatsuniya. Kada a ce wani ya ci wani ya faɗi. A ce, "Kun gani? Abu ɗaya ne ya faru, kowa da yadda ya ji." Daga irin wannan ne yaro yake fara gane cewa abin da ke ran ɗan'uwansa ba lallai ne ya zama irin nasa ba.

Akwai kati guda da nake ajiye wa manyan cikinsu, 'yan shekara shida zuwa bakwai: ragon layyar da ka yi mako kana ba shi dusa da ɓawon rogo, yau an yanka shi, ga kuma soyayyen nama. Ƙanana za su zaɓi fuska ɗaya. Manyan ne za su tsaya suna kallon biyu, wani ya ce, "Malama, zan iya ɗaukar duka?" Ku ce masa ƙwarai kuwa. Gane cewa mutum yana iya jin abu biyu masu karo da juna a lokaci guda yana zuwa ne a makare, ba a tilasta shi.

Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma wani lokaci fuskar tana ɓoyewa. In yara sun ƙware, ku tambaye su: amarya tana kuka ranar da za a kai ta, me take ji? Alhaji ya dawo daga Makka, Kaka tana hawaye, baƙin ciki ne? Nan za ku ji muhawara.

Agogon zuciya da sauran wasanni

A buga da'ira mai faɗin santimita 18, a raba ta huɗu, kowane yanki da fuskarsa, a manna a kwali a rataye daidai tsayin yaro. Kowane yaro yana da abin maƙale shanya mai sunansa. Da safe in ya shigo, ya maƙala shi a inda yake ji. A gida ana iya yi kafin barci. Malamar KG, wato ajin ƙananan yara kafin firamare, da ke da yara arba'in ba za ta iya tambayar kowa ba, amma da kallo ɗaya za ta ga waye ya kwana uku a kan tsoro. Wannan bai saɓa wa manhaja ba, domin manhajar KG da hukumar tsara manhaja ta Ghana, NaCCA, ta fitar a 2019 ta fara ne da jigon yaro ya san kansa. Sharaɗi ɗaya ne: kada a yaba wa wanda ya zaɓi farin ciki a harari wanda ya zaɓi fushi. In aka yi haka sau biyu, duk aji zai koma farin ciki, agogon ya zama ado.

Katin nan da kuka buga bibbiyu, ku kife su a tabarma, yaro ya buɗe biyu, in sun zo ɗaya ya faɗi sunan ya ɗauka. Ana kuma yin babban ɗan ludo: murabba'i shida masu santimita 6 a jere kamar gicciye suna shiga A4 ɗaya, a yanka a naɗe a manne, a cusa takarda a ciki don kada ya lotse. Wanda ya jefa ya kwaikwayi fuskar da ta fito. In akwai mai rarrafe a gida, ku kawar da ƙananan guntaye da maɓallai, komai baki yake kaiwa.

Takardar huce fushi

Sanin suna rabin aiki ne, sauran rabin shi ne me za a yi. Ku buga shafi guda mai hoto huɗu ko biyar na abin da yaro zai iya yi in ransa ya ɓaci: ya zauna, ya sha ruwa ko ya wanke fuska, ya ja numfashi ta hanci ya hura a hankali kamar mai huce koko, ya ƙirga yatsunsa goma, ya je wurin babba ya faɗa. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Hadisi ya zo da cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, kuma an koyar da neman tsari daga Shaiɗan a irin wannan hali. Malaman makarantar allo da Islamiyya suna iya sa wannan a saman shafin.

A gwada su tun ana cikin raha, har su zama jiki. Ranar da abin ya tashi, magana kaɗan ce: "Sadiku, na ga ka yi fushi don ya karɓe maka mota. Fushi ba laifi ba ne, duka ne ba a yarda ba. Zo ka zaɓi ɗaya." Wurin da aka manna takardar kada ya zama wurin horo. In "je ka wajen katinka" ya zama daidai da "je ka yi kamun kunne", yaro zai tsani katin.

Akwai dalilin da ya sa ake fara ambaton sunan abin. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a jami'ar UCLA sun duba ƙwaƙwalwar mutane da na'ura, suka ga cewa in mutum ya ambaci sunan yanayin da ya gani a fuska, sashen ƙwaƙwalwar da ke tashi da tsoro da fushi yana ɗan lafawa. A kan manya aka yi gwajin, don haka kada a ɗauka da an ce "fushi" yaro zai yi tsit. Wani lokaci sai ya gama kukansa tukuna.

In Kaka ta ce ana lalata yaro

Za ta faɗa, ko Baba ya faɗa: ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, namiji ba ya kuka, mu da aka raina ba da kati ba me ya same mu? Kada ku amsa da lacca. Maganarsu tana da tushe, haƙuri da kunya abin taƙamarmu ne, kuma ba wanda yake son yaron da zai tsaya a gaban baƙi yana zayyana abin da ke ransa. Amma wanda ya san fushi yake yi ya kuma danne, shi ne mai haƙuri. Wanda bai san abin da ke cinsa ba, a kan ƙaninsa yake hucewa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya kuma faɗi a fili cewa zuciya tana baƙin ciki. Ku koya wa yaro wurin faɗa da wanda ake faɗa wa: Mma, Baba, Malama, a keɓe. Hanya mafi sauƙi kuwa ita ce ku sa Kakar a ciki. Ku ba ta katin ta riƙe lokacin tatsuniya, in Gizo ya shiga uku ta tambayi jikoki wace fuska ce tasa yanzu.

Wani lokaci katin yakan tono abin da ba a zata ba. In yaro kullum tsoro yake nunawa da an ambaci wani mutum ko wani ɗaki, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya bar wasa da cin abinci na makonni, ku saurara da kyau. Kada ku tsare shi da tambayoyi, kada ku sa masa magana a baki, kada kuma ku nuna firgita a gabansa. Ku ce, "Ka kyauta da ka faɗa mini," ku rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi. Malama ta sanar da shugaban makaranta. In akwai zargin cin zarafi, akwai DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida, da ofishin jin daɗin jama'a, in kuma lafiyarsa ce abin damuwa, a fara da asibitin da ke kusa, su ne za su tura babban asibitin Komfo Anokye in da buƙata.

Katin kuwa ku ajiye su a leda mai zif ko tsohuwar robar ayis kirim mai murfi, saboda laimar damina da kyankyasai masu son gam, a kuma wurin da hannun yaro zai kai ba sai ya roƙa ba. Asalin PDF ɗin ku bar shi a waya. Katin fushi ne yake fara yagewa, sai ku sake bugo shi shi kaɗai.